Mun Iya Kasa Kaya, Me Ya Sa Muka Kasa Tsara Magana?

Iyayena mata da 'yan uwana 'yan kasuwa na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, da duk wanda wannan shafi ya isa hannunsa ko aka karanta masa a rumfa, yau ina so mu yi magana a kan wata asara da ba ta shiga littafin lissafin kowa, ga shi kuwa tana cin jarinmu kamar yadda gara ke cin buhu. Ita ce asarar da muke tafkawa duk ranar da muka tsaya gaban hukuma da gaskiyarmu a hannu, amma muka koma gida ba mu samo komai ba, don kawai ba mu san abin da za mu fara faɗa da abin da za mu rufe da shi ba.

Abin da ya tunzura ni rubuta wannan shi ne, a daminar da ta wuce na raka wata innata mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita da abokan sana'arta, zuwa wani ofishi da ba sai na ambaci garin ba. An tashe su daga inda suka daɗe suna zama, an mayar da su can bayan kasuwa inda ruwa ke kwanciya, masu saye ba sa isa wurin, amma mai yankan tikiti bai fasa zagayowa kowace ranar kasuwa ba. Sai da suka yi zarya sau uku kafin a ba su izinin shiga. Da aka ce su faɗi abin da ke tafe da su, ta farko ta kama gaisuwa, ta tambayi gida da iyali da aiki da gajiya da ruwa. Ta biyu ta ɗauko tarihi tun daga zamanin da kakarta ke kasa gyaɗa a gindin wani bedi. Ta uku ta katse ta da labarin zagin da wani yaro mai tikiti ya yi mata bara. Ta huɗu kuwa ta shiga kukan tsadar tiyar gyaɗa, abin da ba ofishin ne ya jawo ba, ba kuma shi zai sauke ba.

Jami'in ya saurara iya saurarensa, ya dubi agogo, ya miƙe, ya ce da Faransanci za a ɗauki "dispositions", aka fassara mana cewa za a ɗauki matakai. Muka yi godiya muka fito. Sai a bakin ƙofa na tuna cewa a duk maganar da aka yi babu wadda ta faɗi abin da suke so a yi musu, kuma tikitocin da innata ta tara wata da watanni, waɗanda su ne babbar shaidarsu, suna nan ƙulle a bakin zanenta ba a ko kwance ba. Ni ma da na raka su ban tsira daga laifi ba, domin kuwa a hanya hirar farashin wake muka yi ta yi, maimakon mu tsaya mu raba wa zai ce me.

Abin mamaki shi ne, matan nan gwanaye ne wajen tsari. Kowace safiyar kasuwa innata ta san kwalbar da za ta sa gaba don rana ta haska man, ta san inda za ta ajiye tiren ƙuli don yara su hango. Mai tumatir ya san yadda zai kasa kashin dala ashirin daban, na dala hamsin daban. Yaran mota masu lodin aya da riɗi a Caduwa sun san buhun da ya fara shiga shi zai sauka ƙarshe, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, in ba haka ba motar na iya kifewa kafin ta kai Ɗan Isa. Babu ɗan kasuwar da zai juye hajarsa tsibi guda ya ce mai saye ya tona ya nemi abin da yake so. To amma haka muke yi da magana, mu juye ta gaba ɗaya a gaban mai hukunci, mu ce ya tona.

Kalmar nan da jami'in ya sallame mu da ita ta tsaya mini a rai, domin asalinta shi ne ainihin abin da muka rasa a ranar. Faransanci ya gaje ta ne daga Latin, harshen mutanen tsohuwar daular Rum, inda ake cewa "dispositio". Gaɓa biyu aka haɗa, "dis" mai nuna rarrabewa, da "ponere" mai nufin ajiyewa, wato ka ɗauki abubuwa ka ajiye kowanne a wurin da ya dace da shi. Da za a ce wata tsohuwa a kasuwar Tibiri ta fassara ta, da ba za ta sha wahala ba, cewa za ta yi ai kasa kaya ke nan.

Malaman iya magana na Rum, waɗanda ke horar da lauyoyi da 'yan majalisa, sun raba aikin mai jawabi gida biyar. Na farko ya nemo abin da zai faɗa, na biyu ya tsara shi, wanda shi ne "dispositio", na uku ya zaɓi lafazi, na huɗu ya haddace, na biyar ya isar da shi da murya da motsin jiki. Ku lura da kyau, tsari suka sa gaba da daɗin baki. Wani babban malaminsu mai suna Kwintiliyan, haifaffen ƙasar da a yau ake kira Sifen, ya rubuta littafi mai juzu'i 12 wajen shekara ta 95 Miladiyya, ya keɓe juzu'i na bakwai ga wannan batu. A can ya kwatanta mai hujjoji ba tsari da mutumin da ya tara duwatsu da katako ya rasa magini. Mu ma mun sani, tubali da azara da ƙofa ko sun cika fili ba su zama ɗaki ba sai an ɗora wani kan wani.

Su waɗannan malamai sun kuma yanka jawabin kansa kashi shida, kamar yadda Sisero, shahararren lauyan Rum da ya rayu daga shekara ta 106 zuwa ta 43 kafin Miladiyya, ya jera a wani littafi da ya rubuta tun yana saurayi. Akwai buɗewa, inda ake jawo hankalin mai sauraro da samun yardarsa. Akwai labari, inda ake faɗin abin da ya faru a taƙaice kuma a fili. Akwai rarrabewa, inda ake cewa ga inda muka yarda da juna, ga inda muka saɓa, ga abubuwa kaza da zan yi magana a kansu. Sai hujja, sai rushe hujjar abokin jayayya, sai rufewa. Tun kafin su, Aristotal na ƙasar Girka, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin Miladiyya, ya ce cikin duk waɗannan biyu ne kawai dole, ka faɗi abin da kake da'awa, sannan ka kawo hujjarsa. Girkawa na kiran tsarin "taksis", kalmar da suke amfani da ita wajen jera sojoji sahu-sahu, shi ya sa malaman suka ba da shawarar a sa hujja mafi ƙarfi a farko da ƙarshe, masu rauni a tsakiya, kamar yadda sarkin yaƙi ke yi da mayaƙansa.

Kada wani ya ɗauka wannan hirar 'yan boko ce da ba ta taɓa fitar da talaka daga ƙangi ba. Tsibirin Sisili shi ne rumbun alkamar Rum, manomansa na ba da kashi ɗaya cikin goma na abin da suka noma. Daga shekara ta 73 zuwa ta 71 kafin Miladiyya aka tura musu wani gwamna mai suna Beres, wanda masu karɓar harajinsa suka riƙa kwasar abin da ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, har manoma da yawa suka bar gonakinsu. Mutanen tsibirin suka kai ƙara, suka ɗauki Sisero ya tsaya musu a shekara ta 70. Gwamnan na da kuɗi, yana da manya a bayansa, lauyansa Hortensiyus kuwa shi ne gwanin zamanin. Dabararsu ita ce su ja shari'ar har ta faɗa cikin ranakun bukukuwa, ta tsallaka wata shekara, lokacin da wani na kusa da su zai shugabanci kotun. Al'ada a lokacin ita ce mai ƙara ya shafe kwanaki yana jawabi kafin a kira shaidu. Sai Sisero ya sauya jeri, ya yi gajeren jawabi, ya shiga kiran shaidu da fito da takardu, zargi bayan zargi. Ba a kai ƙarshen shari'ar ba Beres ya tattara ya gudu birnin da a yau ake kira Marsai a Faransa. Hujjojin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, abin da aka sa gaba ne ya sauya, manoma suka ga bayan azzalumi.

Daga Latin kalmar ta bazu cikin harsunan Turai, kowa ya ja ta inda yake so. A Faransanci, wanda ya fi shafar mu, in ma'aikaci ya ce yana "à votre disposition", yana nufin yana hannunki, ki sa shi aiki. In aka ce an yi "mise à disposition" na taki ko iri ko fili, to an damƙa shi ne a hannun wasu su yi amfani da shi. "Dispositions" na doka su ne tanade-tanadenta. Akwai kuma 'yar uwarta "dispositif", wato sashen ƙarshe na takardar hukuncin kotu, wanda ke zuwa bayan alƙali ya gama kawo dalilansa. Duk ɗan kasuwar da aka miƙa wa irin wannan takarda, ya sa a fara karanta masa wannan sashe, domin nan ne aka faɗi wa zai biya, nawa zai biya. A Ingilishi kalmar ta fi nufin halin mutum da ɗabi'arsa, tana kuma nufin yadda ya rabar da dukiyarsa. Jamusawa kuwa sun gutsure ta sun ce "Dispo", sunan bashin da banki ke barin mutum ya ci fiye da abin da ke cikin asusunsa, kuma suna kiran ma'aikacin da ke tsara wace mota za ta ɗauki wane kaya "Disponent". Duk inda ta je, ba ta rabu da ma'anar iko ba. Wanda ke tsarawa shi ke da ta cewa, wanda bai iya tsara nasa ba sai a tsara masa.

Ko takardar neman alfarma da muke biyan masu rubutu a ƙofar ofisoshi su rubuta mana, jikar wannan ilimi ce. A ƙarni na 12 malaman birnin Bolonya na Italiya sun koyar da cewa wasiƙa kashi biyar ce, gaisuwa, neman yardar mai karatu, labari, buƙata, rufewa. Yaranmu da ke lakwal kuma, kafin su rubuta insha'i ana tilasta musu su fara zana tsarinsa, gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. Ashe abin da muke biyan kuɗi a yi mana a takarda, kyauta za mu iya yi da bakinmu.

Larabawa ma ba a bar su a baya ba. Suna cewa "tartib", wadda ta shigo Hausa ta zama tartibi, har mukan ce wane ba shi da tartibin magana, wato ba a san inda ya dosa ba, ba a kuma dogara da abin da ya faɗa. Malamin balaga Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu a shekara ta 1078, ya gina littafinsa Dala'ilul I'ijaz a kan abin da ya kira "nazm", kalmar da asalinta shi ne jera duwatsun ado a zare. A ganinsa kalma ita kaɗai ba ta da fifiko a kan wata, darajar magana na fitowa ne daga yadda aka jera ta, me aka gabatar, me aka jinkirta. Duk macen da ta taɓa shirya tsakiya ko murjani ta san gaskiyar wannan, domin in zare ya tsinke, duwatsun na nan amma babu sarƙa.

Mu Hausawa fa? Ai ciniki kansa jawabi ne mai tsari. Sallama, tambayar kuɗi, tayi, albarka, ƙari, sallamawa, biya, sannan gyara. Wanda ya nemi gyara kafin ya taya, dariya za a yi masa. Masu zuwa neman aure ba sa fara zancen sadaki kafin gaisuwa da gabatar da kai. A fadar Sarkin Gobir a Tibiri ko gaban kowane hakimi, mai ƙara ke fara magana, wanda ake ƙara ya amsa, sannan a nemi shaidu. Babban misali kuma shi ne ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, tsarin da daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan da yawancinsu ba su yi lakwal ba suna riƙe asusu shekara da shekaru ba tare da rigima ba, saboda zamansu na da jeri, a san wadda ta zo, a yi zubi, a karɓi biyan bashi, a ƙirga a gaban kowa, sannan a ba da sabon bashi. Da za a birkita wannan jeri mako biyu kacal, da asusun ya watse. Saboda haka ba baƙon abu nake kira a ɗauko ba, namu ne nake cewa mu shiga da shi ofis.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne, ƙofofin da ɗan kasuwa zai ƙwanƙwasa sun yawaita, lamuran da ke taɓa jarinsa kuma sun yi nauyi. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, harkar rumfuna da tikitin kasuwa ta dawo kusa da mu. A 2011 aka cire Gazawa daga Agye ta zama gunduma mai zaman kanta. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma kowa ya san abin da hakan ya yi wa masu aya da riɗi da dabbobi. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. A Gidan Rumji kuwa, tun 2019 dubban 'yan uwanmu da suka gudo wa 'yan bindiga daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka samu mafaka, ƙungiyoyin agaji suka shigo da tarurruka iri-iri. A kowane ɗayan waɗannan akwai ranar da aka tara 'yan kasuwa aka ce su faɗi damuwarsu. Sau nawa muka fito daga irin wannan taro da abin da za mu riƙe?

Bugu da ƙari, a watan Maris na 2025 kundin da ke jagorantar mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Da can in an ƙi jin mu mukan ce laifin Faransanci ne ko na mai fassara. To yanzu wannan uzuri ya fara ƙarewa. In Hausar ce muka kawo a hargitse, ita ma ba za ta fisshe mu ba.

Bari in koma kan innata in nuna yadda ya kamata a ce ta kasance. Tun a gida za a zauna a ware abin da ofishin ke da ikon yi daga abin da ba shi da iko a kai, a bar tsadar gyaɗa a gida, a bar zagin bara a gida. A zaɓi mace guda ta yi magana, wata ta riƙe tikitoci, saura su zama shaidu. In an shiga, gaisuwa ta zama cikakkiya amma gajera, ranka ya daɗe mun gode da ka ba mu lokaci, mu ne masu man gyaɗa da ƙuli na kasuwar nan. Wannan ita ce buɗewa. Sai labari, shi ma numfashi uku ya isa, muna zaune wuri kaza tun shekara kaza, a watan kaza aka mayar da mu bayan kasuwa, tun ranar ruwa ke shiga kayanmu, masu saye sun daina zuwa.

Daga nan sai rarrabewa, wadda ita ce muka fi mantawa alhali ita ta fi amfani. Ta ce, ba mu zo jayayya a kan biyan tikiti ba, mun yarda haƙƙi ne, abu biyu ne ya kawo mu, wurin zama da magudanar ruwa. Da zarar mai sauraro ya ji an ce abu biyu, hankalinsa ya kwanta, ya san ba za a kwana a nan ba, zai ma iya ɗaukar alƙalami ya rubuta. Sai hujja, a kwance bakin zane a baje tikitoci a kan tebur, ga shaidar ba mu taɓa fashin biya ba, ga kuma wadda ruwa ya lalata wa kaya tana tsaye. Sai a riga shi faɗin abin da zai kare kansa da shi, mun san an tashe mu ne don a buɗe hanyar motoci, ba mu ƙi ba, amma akwai fili gefen masu hatsi da babu kowa. A ƙarshe a rufe da buƙata a fili, muna roƙon a ba mu wancan fili, in ba zai yiwu ba a zuba mana ƙasa a inda muke, kuma yaushe za mu dawo mu ji amsa? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce maganin "za a ɗauki matakai", domin matakin da ba shi da rana ba mataki ba ne.

Wannan jeri bai tsaya ga ofis kaɗai ba. Hajiyar da za ta nemi Alhaji mai sito ya ba ta buhu biyar bashi, in ta fara da kukan rashin lafiyar yaro da bikin da ke gabanta, ta nuna masa ne cewa kuɗinsa ba kasuwa za su shiga ba. In kuwa ta fara da cewa bara ka ba ni uku na biya kafin lokaci, bana ina neman biyar, ga inda zan sayar, ga ranar da zan kawo, to ta sa hujjarta mafi ƙarfi a gaba. Haka abin yake a taron ƙungiya, da gaban dillali, da wurin sasanta rigimar abokan jari.

Na san akwai masu cewa, malam, kome tsarin maganarka, in mai hukunci ya riga ya karkata, ko an riga an gan shi ta bayan gida, aikin banza ne. Akwai gaskiya a ciki, ban kuma ce tsari na mayar da azzalumi adali ba. Amma ba kowane jami'i ne azzalumi ba, da yawa gajiya ce da tarin aiki, kuma wanda ke son ya taimake ka ma sai ka ba shi abin da zai rubuta ya kai gaba. Shi kuwa wanda ya yi niyyar danne ka, hargitsin maganarka shi ne babbar mafakarsa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ka ce abu biyu, ga shaida, yaushe zan dawo, ka rage masa wurin ɓuya, ko ba komai ya san da shaidu a kansa.

Wasu kuma za su ce mace ta tsaya gaban manya tana ƙirga abu na ɗaya abu na biyu, ai rashin kunya ne. Ni ban ga haka ba. Ladabi yana cikin gaisuwa da sassauta murya da zaɓen lafazi, duk kuwa tsarin bai hana su ba, ya ma ba su wurinsu a farko. Ɓata wa babba lokaci da zancen da ba shi da kai ba shi da gindi, shi ya fi kusa da rashin ladabi. Kunyar da za ta sa a koma gida da tikiti a ƙulle, 'ya'ya na jiran abin da za a dafa, ba ta amfani kowa ba.

Akwai kuma masu tsoron cewa wannan ilimi na 'yan damfara ne. Lallai suna amfani da shi. Mai zuwa da zancen zuba jaka goma ka kwashi ashirin a wata guda, ku lura da jerinsa, yakan fara da doguwar gaisuwa da yabo, ya kawo labarin wane da ya yi arziki, ya tsallake hujja, ya rufe da cewa yau ne kawai dama. Wanda ya san gaɓoɓin magana shi zai lura cewa an tsallake ta huɗu, ya ce tsaya, ina shaida? Bambancin kasa kaya da algus kowa ya san shi. Sa kyakkyawan tumatir a gaba don a gani ciniki ne, ɓoye ruɓaɓɓe a ƙarƙashi ha'inci ne. Haka ma a magana, ka sa hujjarka mai ƙarfi a gaba, amma kada ka binne gaskiyar da in ta fito za ta rushe ka.

Saboda haka ina kira ga shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata na gundumomin nan uku, daga Gangara har Cadakori, da su mayar da wannan al'ada. Duk ranar da za a je gaban hukuma, a zauna daren jajibiri a amsa tambaya huɗu, me ya faru, me muke so, mece ce shaidarmu, me za a ce mana. A gwada a bakin wani dattijo ya zama kamar shi ne jami'in, domin ba a fafe gora ranar tafiya. 'Ya'yanmu da ke lakwal su taimaka da rubutawa, iyaye su kawo hujja da sanin ya kamata. Su ma jami'ai ina roƙon su, in talaka ya zo ya rikice, su taimake shi da tambaya ɗaya, to yanzu me kuke so a yi?

Innata da abokanta sun koma ofishin nan bayan an kwashe amfanin gona. Mace guda ta yi magana, ba ta kai minti biyar ba, aka baje tikitoci, jami'in ya jawo littafi ya rubuta, ya tura a duba filin, ya kuma yanka musu ranar dawowa. Har yanzu da nake wannan rubutu ba a ba su wurin ba, ban kuma san yadda za ta ƙare ba, amma yanzu suna da rana, suna da abin da aka rubuta, sun san ƙofar da za su koma. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma ba mu bakin kare ta.